Yadda Ake Zaɓen Igiya Mai Nutsewa Don Doguwar Sandar Kamun Kifin Salmon

Ranar 15 ga Janairu ake buɗe kamun kifin salmon a kogin Tay na ƙasar Sikotland, kogin Dee da na Tweed su biyo baya ranar 1 ga Fabrairu, kogin Spey kuma ranar 11 ga watan. A irin wannan lokaci kogi a cike yake, ruwa na da sanyi mai ratsa ƙashi, kifi kuma yana kwance can kusa da ƙasa, ba ya son wahalar da kansa. Wanda ya je da igiyar da ke yawo a saman ruwa zai wuni yana jifa, ƙugiyarsa tana wucewa nesa da kan kifin, ya koma masauki hannu rabbana. Maganin wannan shi ne igiya mai nutsewa, amma irinta suna da yawa a kasuwa, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne, don haka ya kamata mutum ya san abin da yake nema kafin ya sa hannu a aljihu.

A fatsar da muka saba gani, dalmar da aka ɗaura kusa da ƙugiya ita ce ke jan zare idan an jefa, ita ce kuma ke kai koto ƙasa. A wannan salon babu dalma. Ƙugiya ce ake yi wa ado da gashin tsuntsu da na dabba da zare mai ƙyalli, masu sana'ar suna kiranta ƙuda, kuma nauyinta bai kai ya kawo ba. Igiyar ce ke ɗauke da nauyin duka: ita ke lanƙwasa sanda wajen jifa, ita ke kai ƙudan tsakiyar kogi, ita ke yanke hukuncin zurfin da zai bi da saurin da zai yi. Sandar kuwa doguwa ce, daga ƙafa 12 zuwa 15, ana riƙe ta da hannu biyu. Salon jifanta ya samo suna daga kogin Spey, inda itatuwa da gangaren gaɓa suka hana masunta wurga igiya ta bayansu, sai suka koyi naɗa ta a gefe su cilla gaba. A 1895 wani mutumin Sikotland mai suna Alexander Grant ya jefa igiya yadi 65 a kogin Ness da sandar katako mai ƙafa 21, abin da har yau ake ba da labarinsa.

Igiyar zamani kashi-kashi ce, kuma zan riƙa kiran kowane kashi da suna ɗaya har ƙarshe. Akwai goshi, wato sashen gaba mai kauri da nauyi wanda ake jifa da shi. Akwai jela, siririyar igiyar da ke bin goshi a baya idan ya tashi. Akwai baki, guntun da ake ƙarawa a gaban goshi, ana cire shi a sauya wani. Daga nan sai lida, siririn zaren nailan da ake ɗaura ƙuda a ƙarshensa.

Mataki na farko: ka fara da kogi, ba da shago ba

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara tambayar wace igiya ce ta fi kyau, alhali tambayar da ta dace ita ce wane ruwa zai shiga, a wane wata. Abubuwa uku ne suke ba da amsa: sanyin ruwan, saurin gudunsa, da zurfin makwancin kifin.

Kifin salmon ba ya cin abinci da zarar ya baro teku ya shigo kogi don zuba ƙwai. Da kitsen jikinsa yake rayuwa watanni, saboda haka yana tattalin ƙarfinsa, kuma gwargwadon sanyin ruwa gwargwadon kasalarsa. Tsohuwar ƙa'idar da masuntan Birtaniya suke bi ta ɗauki digiri 48 a ma'aunin Faranhait, wato kimanin digiri 9 a ma'aunin Salsiyas, a matsayin iyaka. Ƙasa da haka ana kai wa kifi babban ƙuda har inda yake kwance, a hankali. Sama da haka kifin kan taso da kansa ya ɗauki ƙaramin ƙuda dab da saman ruwa, musamman idan iska ta fi ruwan ɗumi. Ana danganta yaɗuwar wannan salo na biyu da A.H.E. Wood, wanda ya yi shekaru yana kamu a Cairnton da ke kogin Dee a farkon ƙarni na 20, yana shafa wa igiyarsa ta siliki maiƙo don kada ta nutse. Ƙa'idar ba doka ba ce, ana kama kifi a saɓaninta, amma mafari ce mai kyau, kuma ma'aunin zafi ƙarami da za ka tsoma a ruwa kowace safiya ya fi ƙarin igiya amfani a jakarka.

Batun saurin ruwa shi ne wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta, kuma a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Ruwan kogi ba ya gudu da sauri ɗaya daga sama har ƙasa. Na sama ya fi gudu, na kusa da duwatsun ƙasa ya fi natsuwa, kuma a cikin wannan natsattsen ruwan kifi yake fakewa. Igiyar da ke saman ruwa tana hannun ruwa mafi gudu, sai ya yi mata tumbi ya fizge ƙudan ya ratsa kogin kamar an koro shi. Igiya mai nutsewa tana huda wannan shimfiɗa ta sama ta shiga wadda ta fi natsuwa, ga ta kuma siririya, ruwa ba ya samun wurin kama ta sosai. Ke nan aikinta biyu ne: tana saukar da ƙuda, tana kuma rage masa gudu, kuma sau da yawa rage gudun ne yake kawo kifi. Wannan ne ya sa a kogunan Norwe irin su Gaula da Orkla, waɗanda bisa al'ada ake buɗewa ranar 1 ga Yuni lokacin da dusar ƙanƙarar kan duwatsu take narkewa ta cika kogi, za ka ga ƙwararru da igiyoyi masu nutsewa ko da rana ta fito ta yi haske.

Zurfi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Yawancin makwantan da ake kama salmon da ƙuda ba su wuce mita ɗaya zuwa uku ba. Idanun kifin sun fi ganin abin da ke gabansa da samansa, don haka abin da ake so shi ne ƙudan ya wuce kaɗan sama da kansa. Ƙudan da ke jan ciki a kan duwatsu ya wuce wurin da ake buƙatarsa.

Mataki na biyu: ka iya karanta lambobin da ke jikin kwali

Ana sa igiya ta nutse ta hanyar cakuɗa garin ƙarfen tangistan a cikin robar da aka lulluɓe ta da ita, kuma yawan garin shi ke ƙayyade saurin nutsewa. Ana auna saurin da inci a kowane sakan. Harafin F yana nufin igiyar ba ta nutsewa. Harafin H yana nufin tana rataye dab da ƙarƙashin saman ruwa, tana sauka kimanin inci ɗaya a sakan. Harafin I na matsakaiciya ne, inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga nan sai S2, S3, S4 har zuwa S7 ko S8, inda lambar take nuna kusan adadin incin da igiyar ke sauka a sakan guda. Kamfanoni ba su yi daidai da juna ƙwarai ba a wannan lissafi, saboda haka S3 na Guideline da na RIO da na Airflo za su iya ɗan bambanta.

Abin lura shi ne a ruwa mai tsayuwa ake yin wannan awo. A lissafi, S3 za ta sauka inci 30 cikin sakan 10, kusan santimita 76. A kogi kuwa, da zarar igiya ta miƙe ruwa ya fara janta, sai ya riƙa ɗaga ta, zurfin da take kaiwa ya ragu ƙwarai. Ka ɗauki lambar a matsayin hanyar kwatanta wata igiya da wata, kada ka ɗauke ta alkawarin zurfi.

Za ka kuma ga goshi mai lambobi uku a jere, misali F/I/S2 ko I/S3/S5. Ma'anarsa bayan goshin yana nutsewa a hankali, tsakiyarsa ta fi sauri, gabansa ya fi duka. Hikimar wannan tana da girma. Tsofaffin igiyoyi masu nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, irin su Wet Cel II da aka daɗe ana amfani da ita a Sikotland, sukan yi tumbi a ƙarƙashin ruwa, tsakiyarsu mai kauri ta riga siririn bakin sauka, har ta maƙale a dutse ƙudan yana sama. Mai lambobi uku tana gangarawa a miƙe daga tsinin sanda zuwa ƙuda, kana jin taɓawar kifi nan take, kuma ciro ta daga ruwa ya fi sauƙi domin bayanta yana kusa da sama.

Mataki na uku: ka zaɓi tsarin da ya dace da ƙudanka da hannunka

Tsari na farko shi ne goshin Sikandinebiya, wanda ya bunƙasa tare da salon jifan da Göran Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya shahara da shi, inda hannun ƙasa ke yin yawancin aikin. Tsawon goshin yakan kai ninki biyu da rabi zuwa uku na tsawon sanda, yana da nauyi a baya yana sirancewa zuwa gaba. Ana sayar da shi a matakan nutsewa daban-daban, ka cire wannan ka maƙala wancan a jela ɗaya cikin minti biyu. Idan kogin mai faɗi ne, gudunsa kusan iri ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, kamar sashen Tay na kusa da teku, ko manyan gurabun Tweed a watan Nuwamba, babu abin da ya kai goshi mai nutsewa gaba ɗayansa riƙe zurfi da rage gudun ƙuda tun daga faɗuwarsa har ya iso gefenka.

Na biyu shi ne goshin Skagit, wanda ya ɗauki sunan wani kogi a jihar Washintan ta Amurka, inda masu neman kifin steelhead, wani dangin salmon, a cikin hunturu suka ƙirƙiro shi. Gajere ne mai kauri, tsawonsa wajen ƙafa 20 zuwa 27, yawanci ba ya nutsewa, aikinsa shi ne ya ɗauki baki mai nauyi da ƙaton ƙuda ya wurga su. Bakunan da ake sa masa ana yi musu lamba da T: T-8, T-11, T-14, T-17, kuma a nan lambar tana nufin nauyin ƙafa ɗaya na igiyar a ma'aunin giren (ƙaramin ma'aunin nauyi ne da bai kai giram ba), ba saurin nutsewa ba. Ƙafa 10 na T-14 giren 140 ke nan, kimanin giram 9. Wannan tsari ya fi sauƙin koyo, yana aiki inda babu fili a bayanka, yana kuma ba ka damar gyara kwanciyar goshin a saman ruwa don ka bi da ƙuda ta bayan wani dutse ko ta bakin wani rami. Rauninsa shi ne yana faɗuwa da ƙara, kuma tun da goshin yana sama, ruwa mai gudu yana ci gaba da jansa, don haka ba ya riƙe zurfi a faffaɗan kogi kamar na farko.

Na uku ba tsari ne mai zaman kansa ba, ƙari ne: lida mai rufin roba da ke nutsewa, irin Polyleader na Airflo ko VersiLeader na RIO, mai tsawon ƙafa 5 zuwa 15, wadda ake maƙalawa a gaban goshin da ba ya nutsewa. Tana saukar da ƙaramin ƙuda inci kaɗan ko ƙafa ɗaya zuwa biyu, tana hana shi tsaga saman ruwa a wuri mai gudu. Daga watan Mayu zuwa Satumba a yawancin kogunan Sikotland wannan kan wadatar, amma kada ka sa ran za ta yi aikin goshi mai nutsewa a ambaliyar Fabrairu.

Mataki na huɗu: ka daidaita nauyin goshi da sandarka

Lambar da aka rubuta a jikin sanda, kamar 9/10 ko 10/11, ishara ce kawai, domin sanduna biyu masu lamba ɗaya kan so nauyi daban. Ka nemi nauyin da kamfanin sandar ya ba da shawara a giram ko a giren. Giram ɗaya giren 15.4 ne, saboda haka goshi mai giren 600 ya kusa giram 39. A bisa kimantawa, da goshin Sikandinebiya, sanda mai ƙafa 13 lamba 8/9 takan so giram 32 zuwa 35, mai ƙafa 14 lamba 9/10 giram 36 zuwa 40, mai ƙafa 15 lamba 10/11 giram 40 zuwa 44. Goshin Skagit na sanda ɗaya yakan ɗara haka nauyi, kuma nauyin da aka rubuta masa bai haɗa da na baki ba. Dole bakin ya dace da ƙarfin goshin: T-8 ga goshin da bai wuce giren 475 ba, T-11 daga nan zuwa wajen 575, T-14 ga wanda ya haura haka. Idan aka ɗora baki mai nauyi a kan goshi mara ƙarfi, jifa takan karye a tsakiya ta zube wuri ɗaya.

Shawarata ita ce goshi mai nutsewa ya ɗan gaza wanda ba ya nutsewa tsawo, ko da nauyinsu ɗaya ne. Ga sanda mai ƙafa 15, mita 11 zuwa 12 ya isa, musamman ga wanda ba shi da tsayi ko wanda yake shiga ruwa har ƙugu, domin duk zurfin da ka shiga yana rage tazarar tsinin sandarka da ruwa. Wasu goshin ana sayar da su da tsawo fiye da kima don mai saye ya yanka. Idan irinsu ka samu, ka yanka daga baya, rabin ƙafa rabin ƙafa, kana gwadawa a ruwa kana kuma aunawa a ƙaramin sikeli, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Na taɓa yin gaggawa na datse kusan mita guda a lokaci ɗaya, goshin ya yi wa sandar sauƙi har ta daina lanƙwasa yadda ya kamata, kuma kuɗin ya tafi ke nan.

Mataki na biyar: lida da ƙuda

Lida ta zama gajera, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan ta yi tsawo, goshin zai sauka ƙudan ya tsaya sama, an yi aikin banza. Ƙarfinta kuma ya gaza na goshi da na jela, ta yadda idan ƙuda ya maƙale a dutse lidar ce za ta tsinke, ka yi asarar ƙuda ɗaya maimakon goshi sukutum. Game da ƙuda, na fi son a bar igiya ta yi aikin saukarwa a sa ƙuda mara nauyi da aka ɗaura a bututun roba ko na alminiyam, domin yana rawa a ruwa kamar mai rai. Mai bututun tagulla ko jan ƙarfe yana da ranarsa a ruwa mai tsananin gudu inda ake son saukar gaggawa, sai dai jifansa da wuya, kuma a ruwa mai natsuwa yakan rataye kamar ƙusa.

Mataki na shida: ka bar kogin ya gyara maka zaɓi

Ka fara da igiyar da ta gaza wadda kake zato da mataki ɗaya. Ka jefa a karkace zuwa inda ruwa ke gangarawa, ka bar ƙudan ya ratso har ya tsaya a gefenka, ka yi taku ɗaya ko biyu, ka sake jefawa. Idan kana taɓa ƙasa a tsakiyar ratsawa kusan kowace jifa, igiyar ta yi nauyi. Idan sai jefi-jefi kake jin ɗan karo a ƙarshen ratsawa, inda ruwa ya yi sanyin gudu, kana kusa da daidai. Idan kuwa kana hango ƙudan yana tsere dab da sama alhali ruwa bai kai digiri 6 ba, ka ƙara mataki.

Kafin ka sauya goshi, ka tuna cewa igiya ɗaya tana iya ba ka zurfi iri-iri. Idan ka jefa kai tsaye zuwa ɗaya gaɓar, ka ɗaga cikin igiyar ka kwantar da shi ta wajen da ruwa ke fitowa, sannan ka yi takunka bayan jifa maimakon kafinta, ƙudan zai sami sakanni yana sauka babu mai jansa. Idan ka jefa a karkace sosai ka riƙe igiya a miƙe tun daga faɗuwarta, zai tsaya sama. Wanda ya ƙware a wannan yana iya wuni da I/S2/S4 guda ɗaya a gurabun da wani zai sauya goshi sau uku.

Ciro igiyar da ta nutse yana da ladabinsa. Ka jawo jela har bayan goshin ya iso tsinin sanda, ka ɗaga sandar a hankali, ka mirgina goshin zuwa gangaren ruwa don ya fito sama, sannan ka shiga jifar Spey nan take kafin ya sake sauka. Fizgar goshin da ke ƙafa huɗu a ƙarƙashin ruwa da ƙarfin tsiya yana iya karya sanda, yana kuma gajiyar da kafaɗa tun kafin azahar. Ka sa tabarau a kowane lokaci, ka tabbata naɗin igiyar yana ɓangaren da iska ke kaɗawa zuwa gare shi don kada ta turo maka ƙugiya a fuska, ka kuma sa rigar kariya daga nutsewa, domin ruwan da ke buƙatar S5 ruwa ne da ke iya kayar da ƙato.

Abin da za ka saya, da dokar kogi

Ga mai sanda ɗaya ta ƙafa 14 ko 15 da ke son kamu daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, goshi uku sun isa: ɗaya wanda ba ya nutsewa tare da lidoji masu nutsewa biyu ko uku, ɗaya matsakaici irin I/S2/S4 wanda shi zai fi shan aiki a ruwan sanyi, da ɗaya mai sauri irin S3/S5/S7 don ranakun cikar kogi. Wanda ya zaɓi Skagit kuwa goshi ɗaya da bakuna huɗu masu tsawo da nauyi daban-daban za su kai shi. Ka rubuta nauyi da lambar kowane goshi a ƙarshensa da alƙalamin da ba ya gogewa, domin bayan wata biyu duk sukan yi kama da juna a jaka.

Ka tambayi dokar kogin kafin ka tashi. Wasu koguna suna taƙaita igiya mai saurin nutsewa da ƙuda mai nauyi idan ruwa ya ja baya, saboda a lokacin kifaye suna taruwa a gurbi ɗaya, ƙugiya tana iya caka su a baya ko a ciki, wanda zalunci ne kuma haramun ne a doka. A Sikotland ba a kamun salmon ranar Lahadi, kuma duk wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu wajibi ne a mayar da shi ruwa da ransa. Dalilin tsananin a fili yake: a Disamban 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya salmon na Birtaniya cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, a Yunin 2024 kuma Norwe ta rufe koguna 33, har da Gaula da Orkla, saboda ƙarancin kifin da ya dawo daga teku. Idan Norwe ko Aisland za ka je da kayan da ka taɓa tsomawa a wani ruwa, sai an wanke su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, har da igiyoyin da ke cikin jaka, don kare kogunan daga cututtukan kifi irin su ƙwaron Gyrodactylus salaris da ya taɓa halaka salmon a koguna da dama na Norwe. Bayan kowace tafiya ka wanke goshin da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ka shanya shi a inuwa, ka naɗe shi da faɗi, kuma kada ka shafa masa man da ake shafa wa igiyar saman ruwa, domin zai rage masa nutsewa.